Ƙirya a Bakin Burtali

Aikin farko da aka ba ni bayan na gama jami'a shi ne in rubuta shafi biyu. Shef ɗinmu, wato shugabanmu a ma'aikatar gandun daji, mutum mai ƙarancin magana wanda ya kusa ajiye aiki, ya kira ni buronsa, wato ofishinsa, ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan wani layi da ya ratsa gandun dajin da muke kula da shi tsakanin Agiye da Gazawa. Ya ce wannan burtali ne, ta nan shanun ƙauyukan arewa da dajin ke bi su je tafki. Ana so a rufe shi da waya, kamar yadda aka rufe kusurwar gabas shekarun baya, don an ce shanu ne ke cinye ƙananan itatuwa. Kafin ruwa ya sauka za a yi taro da mutanen ƙauyukan, kuma yana son in je in duba, in rubuto masa amsa ɗaya: a rufe ko kar a rufe.

Na tambaye shi ko akwai wani rahoto na baya da zan fara karantawa. Ya ce akwai daji.

A jami'a yawancin misalan da aka koya mana na ƙasashe masu duwatsu ne, inda ake keɓe kwazazzabai saboda wata dabba ko wani tsiro da ba a samu ko'ina. Na daɗe ina fatan a tura ni Azbin in ga ragon dutse da idona. Sai ga ni a ƙasar da aka haife ni, kan rairayi shimfiɗaɗɗe, inda abin da ya fi komai tudu shi ne suri. Ban ce na ji haushi ba, amma ban yi zaton akwai abin da zai ba ni mamaki ba. Tsorona guda ne, kar in rubuta abin da ba daidai ba a takardar farko da za ta ɗauki sa hannuna. Ni mutum ne da kan kulle ƙofa ya yi nisa, sannan ya dawo ya taɓa kwaɗon.

Wanda ya zagaya da ni dajin shi ne mai gadinsa, wani dattijo manomi da gonarsa ke jingine da bakin burtalin. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Kullum da gatari a kafaɗarsa, har na taɓa tambayarsa ko ba a yi wa mai gadin itace magana a kan haka. Ya ce na maciji ne. Shi ya riƙa nuna mini itatuwan da sunayensu, ni kuma ina neman na littafi ina rubutawa a gefe: sabara da geza da kalgo sun fi yawa, sai aduwa, magarya, ɗanya nan da can, marke ƙalilan a gangaren tafki. Da muka iso gindin wata ƙatuwar bishiya mai baƙin ɓawo, ya dafa ta kamar yadda ake dafa kafaɗar aboki, ya ce ƙirya ce. Ya ce da ita ake sassaƙa turmin da jika zai gada, kuma gawayinta maƙera suka fi so, shi ya sa ta ƙare a gonaki. Waɗanda suka rage a yankin, in ji shi, su ne waɗannan na cikin gandu, kuma duk tsofaffi ne.

Ra'ayinsa a kan burtali bai ɓoye ba. A rufe. Ya kai ni cikin waya, wato kusurwar gabas da aka rufe, don in gani, kuma gaskiya abin ya burge ni. Gamba ta kai kafaɗata, zabin daji suka tashi a gabanmu, na ga sawun zomo da ramin kurege, abin da ban gani ba a waje. Na rubuta a kayena, wato littafin rubutuna, cewa waya ta yi amfani, na ja layi a ƙarƙashi.

Abin da ya fara damuna ƙarami ne. Lokacin sanyi ne, 'ya'yan ƙirya na zuba. Suna da tsawon yatsa ko fiye, baƙaƙe, masu tauri kamar itace, in ka girgiza ɗaya sai ka ji ƙwayoyin na motsi a ciki. A cikin waya, ƙarƙashin kowace ƙirya, sun taru jibge, na bana a kan na bara, na bara a kan waɗanda suka riga su, yawancinsu ƙwari sun huda. Na durƙusa na buɗa ciyawa ina neman 'yan ƙananan da suka tsiro. Ban samu ba. Na matsa wata bishiyar, haka. Shekaru ke nan babu kofaton da ya taka wurin, iri ga shi nan a zube, amma ko ɗaya ban gani ba. Na tambayi Baba, ya ce ƙirya haka take, ba ta son a sa mata ido. Na rubuta amsarsa ita ma, don ban da wata.

Na ce wataƙila ban iya nema ba ne. Sai na koma ga abin da aka koya mini. Na samo igiya mai tsawon taku hamsin, in shimfiɗa ta a miƙe, in bi ta a sunkuye ina rubuta duk tsiron da ke taku ɗaya dama da hagunta, in ɗauke in kai gaba. Na yi haka cikin waya kwana da kwanaki, sannan na fito burtali, don in nuna a takarda irin ɓarnar da shanu ke yi.

A nan na haɗu da Baffa. Ina sunkuye na ji ƙarar kofato, na ɗago na ga shanu sun tsaya suna kallon igiyata, bayansu wani tsoho siriri da sanda a wuya, hannuwansa rataye a kanta.

"Mi kake nema a ƙasa, sarkin daji? Allura ta faɗi?"

Haka mutanen karkara ke kiran duk wani ma'aikacin gandun daji, ko da jiya ya fara. Na gaishe shi, na yi masa bayani mai tsawo wanda bai nema ba. Ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Da ya ji mahaifiyata Babarbariya ce daga gabas, sai fuskarsa ta saki, ya ce ashe bawansa aka turo masa, to in naɗe igiyata shanun ubangidana su wuce. Na san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma ban taɓa iya ramawa ba. Na naɗe igiyar.

Daga baya na san labarinsa kaɗan-kaɗan, don kusan kullum mukan haɗu da hantsi. Mahaifinsa ne ya sauko daga arewa da garke, ya zauna a ƙauyen da ke bakin dajin, har suka koma manoman gero da wake. Shi kansa Hausa ta fi yawa a bakinsa, Fillanci sai in yana magana da shanu. Garken ya ragu sosai, amma kowace saniya ya san uwarta da kakarta. 'Ya'yansa maza suna kudu, ƙetaren iyaka, kuma sun daɗe suna aiko masa ya tura musu shanun ya huta. Ya ƙi. Ya ce in aka rufe burtali, zagaye dajin zuwa tafki tafiya ce ta daga asuba har azahar, da damina kuma ta cikin shukar mutane, abin da ba zai yi ba da furfurarsa. Ke nan sai ya tura su.

"Sai in zauna in riƙa kallon turke," in ji shi.

Bai roƙe ni komai ba, kuma ban gaya masa cewa ni zan rubuta takardar ba, ko da yake ina jin ya sani. Na yi ta jan kunnen kaina cewa tausayi ba ya cikin abin da aka aike ni in auna.

Tsakiyar burtalin kuwa kamar yadda kowa ya faɗa take, rairayi tsirara, sai kandilo, wato kashin shanun da ya bushe. Amma igiyata takan ƙetare har gefe, inda magarya da sarƙaƙiya suka yi kurmi, da inda busassun rassan ƙaya suka taru. A can cikin ƙayar, inda hannu ba ya shiga sai da dabara, na ga wani ɗan tsiro bai kai taƙi biyu ba, mai ƙananan ganye jere. Na ɗauka gawo ne ko bagaruwa, amma ba shi da ƙaya. Na fito da ganyen tsohuwar ƙirya da na matse a cikin kayena na gwada. Sun yi kama. Ban yarda ba. Na tona ɗaya don in ga saiwarsa, na yi ta bin ta har gwiwar hannu ba ta ƙare ba, ta tsinke, na yi nadamar tonawa. Washegari na samu wasu, jibi wasu, wasu an gutsire kansu sun sake tohowa. Har sau uku na koma da ganyen kafin na yarda in rubuta sunan ba tare da alamar tambaya ba.

Abin ya tsaya mini a rai. A inda aka kare su babu, a inda ake zargin ana cinye su akwai. Kuma ƙirya mafi kusa da wasu daga cikinsu tana da nisan da iska ba za ta kai wannan ɓawo mai nauyi ba. Na yi tunanin ruwa ne ya kwaso su, amma wurin ba gangare ba ne. Na yi tunanin kurege. Na yi tunanin ko wani proje, irin ayyukan dashen itatuwa na da, ya taɓa shuka su, na tambayi Baba, ya ce bai taɓa ganin mai shuka itace a cikin ƙaya ba.

Ban so in tambayi Baffa ba, saboda yana da buƙata a cikin amsar. Amma wata rana ya same ni kwance ruf da ciki ina leƙen ƙaya, ya ce ko bawansa ya fara kiwon ƙadangaru ne. Na nuna masa. Bai ko sunkuya ba. Ya waiga, ya sa sanda ya birkice wani kandilo, ya ɗauka, ya ɓare shi biyu kamar waina, ya miƙo mini. A ciki akwai ƙwayoyi, launin ƙasa-ƙasa, masu sheƙi, lafiyarsu lau.

Ya ce shanu na son 'ya'yan ƙirya, akwai ɗan zaƙi a ɓawon. Su tauna, ɓawon ya narke, ƙwayar da ta tsira daga haƙori ta fito ta baya, kuma ta fito da laushi, ga taki a jikinta. In ruwa ya sauka sai ta tashi. Wadda ta faɗi a fili a tattake ta ko a cinye, wadda ta faɗi kusa da ƙaya ta rayu. Na tambaye shi tun yaushe ya san haka. Ya ce bai san ranar da bai sani ba. Na ce to me ya sa bai faɗa ba lokacin da za a sa wayar gabas.

"Wa ya tambaye ni? Ku in kun zo, sunana da yawan shanuna kuke tambaya."

Da na koma gida na tuna cewa an taɓa ambata mana a aji cewa wasu ƙwayoyi masu taurin fata sukan fi tsirowa in sun bi ta cikin dabba. Layi ɗaya ne a cikin darasin renon itatuwa, kuma abin da na riƙe daga darasin shi ne yadda ake jiƙa iri a ruwan zafi, don shi aka tambaya a jarrabawa. Duk da haka na ce maganar tsoho ɗaya da layi ɗaya ba su isa in gina takarda a kansu ba. Sai na gwada.

Na tsinci kandilo rabin buhu a burtali, har da wanda bai gama bushewa ba, na ɗebi 'ya'yan ƙirya daga cikin waya, na tsaya bakin titi ranar kasuwar Gazawa ina jiran motar haya zuwa Agiye. Direba ya ce a ɗaure buhun a sama, na ƙi, don ina tsoron ya faɗi ko ya gauraye da kayan wani. Na rungume shi a cinya. Ba mu yi nisa ba wata hajiya mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta fara jan hanci, ta tambaye ni abin da ke ciki. Na rasa ƙaryar da zan yi, na gaya mata gaskiya. Ta dube ni daga takalmi zuwa tabarau.

"Ɗan nan, shekara nawa ka yi a lakol?"

Na faɗa mata. Ta juya ga sauran fasinja ta ce su shaida, ita jikanta gobe za ta cire shi daga makaranta ta ba shi jaki, tunda ƙarshen abin ɗaya ne. Har muka iso ana dariya, wani ma ya ce yana da irinsa a gida in gwamnati na saye.

A bayan buro, gindin famfo, na jera ledojin reno layi uku. Na farko ƙwayar da na fasa daga ɓawo na shuka yadda take, na biyu wadda na jiƙa a ruwan zafi, na uku wadda na tsince daga kandilo. Ƙasa iri ɗaya, ruwa da gwangwani ɗaya. Da na lura inuwar katanga ta fi daɗewa a kan layi ɗaya, sai na riƙa sauya musu wuri kowace safiya, har masinjan buro ya ce ko dara nake yi da su. In ban manta ba, cikin mako na biyu layin kandilo ya fara fasa ƙasa. Na ruwan zafi ya biyo baya jefi-jefi, kuma ina zargin na dafa wasu. Layin farko har ranar da na daina dubawa, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba.

Na yi murna kwana ɗaya, sannan shakka ta dawo. Ledojin ba su da yawa. Shekara ɗaya ce. Wataƙila ƙwayoyin cikin waya ƙwari sun riga sun lalata su ta inda ido ba ya gani. Wataƙila ciyawar ce ta yi yawa ta hana su haske, ba rashin shanu ba. Na kai wa Baba mai gadi labarin ina sa ran ya yi mamaki, sai ya kama hannuna ya kai ni gefen gonarsa, ya nuna mini inda shanu suka fasa masa gero da daminar da ta wuce. Ya ce ya ji, saniya na shuka ƙirya, amma wa ke cinye ta in ta fito ɗanya shar? Ita dai. Kuma in an ce shanu, awaki ma biyowa suke, su kuwa ko cikin ƙaya kai suke turawa. Ya ce kafin waya rabonsa da ganin ƙwan zabo a dajin nan tun yana saurayi. Ban sami abin da zan musa ba a cikin maganarsa. Da na maimaita wa Baffa, shi ma bai musa ba. Ya ce da damina kam suna ci, saniya ba ta san ɗiyanta na itace ba.

Takardar da na kai wa shef shafi goma sha ɗaya ce. Ya karanta ta a gabana, a hankali, da jan bik, wato biro, a hannu, kuma na lura duk inda na rubuta wataƙila, ko mai yiwuwa, ko a iya abin da aka gani, sai ya ɗiga alama. Shafukan suka yi kamar masu ƙyanda. Da ya gama ya ce aikin ya yi kyau, bai san da zancen kandilo ba duk shekarunsa a daji, ko kuma ya sani ya manta. Sannan ya ce, "A rufe ko kar a rufe?"

Na ce da za a ba ni damina ɗaya in ƙara dubawa, da amsar ta fi inganci. Ya ce wayar tana sito, taro jibi ne, kuma in ba mu ce komai ba za a bi abin da aka riga aka tsara. Na ce akwai hujja ta kowane ɓangare. Ya ce ya gani, ya ƙirga su. Ya jira. Na tuna cewa in na yi shiru, shirun ma amsa ce, kuma ita ce za ta kai shanun Baffa kudu ba tare da kowa ya tabbatar sun yi laifin da ake ɗora musu ba. Na ce kar a rufe. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa har sai da ya sa na maimaita.

"To. Kai za ka faɗa musu."

An yi taron a ƙofar gidan mai gari, da hantsi, manoma a gefe ɗaya, masu dabbobi a gefe ɗaya, ko da yake rabin mutanen kowane gefe suna da gona kuma suna da dabba. Na zo da ledojina a cikin baho, da kandilo guda a aljihun jaka. Na shirya jawabi, amma da na miƙe sai ya watse, na ga gara in nuna kawai. Na ajiye layukan uku a gaban mai gari, na faɗi yadda aka yi kowanne, na ɓare kandilon na miƙa aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Masu kiwo ba su ko duba ba. Manoma suka daɗe suna juya shi. Wani ya ce shi ya sa ƙirya ke fito masa a inda Fulani suka yi zaman rani a gonarsa, yana ta sarewa yana zaton aljanu ne. Na faɗi kuma abin da ban sani ba, dalla-dalla, har shef ya yi gyaran murya.

An yi ta magana har rana ta take. Wanda ya kawo mafita, abin mamaki, Baba mai gadi ne, kuma cikin faɗa ya kawo ta. Ya ce in dai ba za a rufe ba, to a jera ƙaya a bakin burtalin hagu da dama, masu shanu su ɗauki nauyin gyara ta, ta tsare gonaki, ta kuma tsare 'yan ƙiryar da Malam ke kwanciya a ƙasa dominsu. Mai gari ya tambayi Baffa. Baffa ya ce ƙaya ba ta fi ƙarfinsu ba. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, in haka ne, ko za a buɗe wani yanki na wayar gabas lokacin da 'ya'yan ƙirya ke zuba, shanu kaɗai ban da awaki, a rufe da ruwan farko. Ban shirya faɗin wannan ba, yana shafi na tara ne a cikin takardar, kewaye da jan bik. Shef ya ce kusurwa ɗaya, gwaji, kuma ni zan bi diddiginta. Baba ya ce shi zai tsaya a wurin da kansa, duk saniyar da ta nufi inda zabi ke kwana zai kore ta.

Damina ta zo ta wuce. An jera ƙayar, wani wuri da kyau, wani wuri don a ce an yi. Rigimar gona ba ta ƙare ba, amma ina jin ta ragu, ko kuma ni ne ban ji duka ba. Da sanyi ya dawo 'ya'yan ƙirya suka fara zuba, muka je da Baba da filaya muka kwance waya tsakanin ginshiƙai biyu, muka naɗe ta gefe.

Baffa ya iso da garkensa da hantsi. Shanun suka tsaya a daidai inda wayar take a da, suka ƙi gaba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa taka wurin, an haife su sun tarar da shi a rufe. Ya yi musu magana da Fillanci, a hankali, ya kira wata ja mai karyayyen ƙaho da sunanta. Ta miƙa wuya, ta shinshina ƙasa, ta ɗaga ƙafa ta shiga, sauran suka bi ta. Ba su tsaya a kan gamba ba, kai tsaye suka nufi gindin ƙirya, can sai muka fara jin ƙarar tauna, ƙaras-ƙaras, kamar ana taka busasshen kara. Baba na biye da su a gefe yana mita.

Baffa ya jingina da ginshiƙi ya ce ya aika wa 'ya'yansa su daina jira, shanu ba su zuwa. In suna son nono su zo gida su sha.

Na ce masa har yanzu ban tabbata abin zai yi ba. Ciyawar tana da yawa, kuma ba na jin za a san gaskiya kafin damina biyu ko uku. Ya ce Barebari dama ba su taɓa tabbata da komai ba sai tuwo. Na buɗe kayena, na ga akwai abin da ban sani ba wanda ya kamata in rubuta, don in san inda zan shimfiɗa igiya in ruwa ya sauka. Na tambaye shi kwana nawa ƙwayar ke yi a cikin saniya kafin ta fito, kuma a ina suka fi zubar da ita, a nan ko a hanya ko a gida.

Ya yi tunani, ya ce wannan kam bai taɓa ƙirgawa ba. Ya nuna jar da sandarsa.

"Ga ta nan. Bi ta ka gani."

Na sa kayen a jaka, na bar wa Baba filayar, na bi ta.